Tsohuwar nakiyar soja: a tayar da ita a daji ko a kai ta tanderun siminti?

Ɗan Jami'a: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ce yaron nan zafin Sakkwato ya taɓa shi. Harsasai da bama-baman soja suna tsufa, kuma idan sun tsufa dole a rabu da su. Hanyar da aka saba ita ce a kai su fili a cinna musu wuta ko a tayar da su, hayaƙi ya tashi, ƙasa ta sha guba, ba a amfana da komai ba. To a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 sojan Amurka sun gwada wata dabara. Sun narkar da nakiyar TNT a cikin wani sinadari, suka gauraya ta da man da ake hura tukunyar tururi, suka ƙona ta a matsayin makamashi. An yi gwajin a babbar ma'ajiyar makamansu ta Hawthorne da ke jihar Nebada. Tambayata ita ce, ga mu da tanderun siminti a Kalambaina ta ƙaramar hukumar Wamakko da ke cin makamashi dare da rana, ga sojoji da tsofaffin kaya a rumbuna a faɗin ƙasa. Me zai hana a haɗa biyun?

Na Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Wato a zuba bam a cikin wuta da gangan? Malam, mu da ke da 'yan'uwa a Wamakko sai a faɗa mana ranar, mu kwashe su tun da wuri.

Malamin Kimiyya: Alhaji, maganar yaron ba shirme ba ce. TNT ba ta tashi don kawai ta ga wuta. Kaɗan a fili, ba a matse ta a cikin ƙarfe ba, ci take yi da baƙin hayaƙi. Abin da ke tayar da ita bugu ne mai tsananin ƙarfi daga wata nakiyar da ta fi ta saurin fushi, ko kuma a tara ta da yawa a rufe zafi ya yi ta hauhawa. Tana narkewa a wajen digiri 80, shi ya sa ma ake iya zuba ta cikin kwanson bam, kuma ake iya fitar da ita da tururi. Wani abin da mutane ba su sani ba, ƙarfin da take bayarwa idan ta ci a hankali ya fi wanda take bayarwa idan ta fashe. Fashewar kilo ɗaya ana lissafa ta a kan megajul 4 da ɗan ɗoriya (megajul ma'aunin makamashi ne), ƙonewar kilo ɗaya kuwa ta kai kusan 15, saboda a ƙonewa tana samun iskar waje ta cinye kanta gaba ɗaya. Ɓarnar fashewa daga sauri take zuwa, kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya.

Baba Saje: Salamu alaikum. Ɗiyana ɗan jami'a, Allah shi yi ma albarka, amma ka saurara. Ina cikin aiki a Legas ran 27 ga Janairun 2002, ranar Lahadi ta, sa'ad da rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama. Abin da munka gani ba shi faɗuwa. Mutum sama da dubu sunka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ya kashe su ba. Gudu sunka yi cikin duhu sunka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa, ciyawa ta rufe saman ruwan, kowa na zaton tudu na. Mata da ƙananan yara. Washegari takalma kaɗai ka gani zube bakin ruwa. Tun ran nan in anka ce mani tsohon harsashi, ba ni son jin wata dabara sai a ɗauke shi a kai daji nesa a tashe shi. Littafi daban, abin da ke cikin akwati shekara talatin daban.

Ɗan Jami'a: Allah ya jiƙansu, Baba. Amma ai abin da ya faru a Ikeja hujja ce a kan a daina ajiye tsohon kaya. Har a 2023 sojoji sun koma suna tsince ragowar bama-baman da suka warwatsu a wurin, bayan shekara ashirin da ɗaya.

Baba Saje: A daina ajiyewa na yarda. Wanga zafi namu na bazara ba abokin albarushi ba na. Albarushin da ke tura harsashin igwa yana lalacewa da kanshi, akwai maganin da anka sa mai don shi riƙe shi, zafi na cinye maganin, ranar da ya ƙare sai shi kama wuta ba wanda ya taɓa shi. Tashin rumbun makamai ba mu kaɗai munka gani ba, Barazabil ta Kwango ta gani a 2012, Bata ta ƙasar Ikwatoriyal Gini ta gani a 2021, Injamena ma a 2024. Inda ban yarda ba shi na a hiddo shi a kai masana'antar da farar hula ka aiki.

Injiniya: Na jima ina karantawa. Na yi shekaru a gaban tanderun siminti, ba zan faɗi na wane kamfani ba, bari in ba da nawa.

Ta fannin wuta, ɗan jami'a ya yi gaskiya. Harshen wutar tanderu yana kusan digiri 2,000, dutsen da ke ciki sai ya kai 1,450 kafin ya zama kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. In ka leƙa ta baƙin gilashi, fari fat za ka gani, idonka ba zai jure ba. Babu TNT ɗin da za ta shiga can ta fito da ranta. Turawa suna ƙona tsofaffin tayoyi da ragowar fenti da man juye a irin wannan tanderu, ba sabon abu ba ne.

Amma mu yi lissafi. Tanderu na zamani yana cin megajul 3,000 zuwa 3,500 kafin ya ba ka tan ɗaya na kilinka. A ce sojoji sun ba ka tan 1,000 na TNT kyauta, wanda kaya ne mai yawan gaske. Kilo miliyan ɗaya ke nan, ka ninka da 15, ka sami megajul miliyan 15. Wannan zai gasa maka kilinka tan 4,500 ko kusa da haka. Layin da aka buɗe a Kalambaina a farkon 2022 na tan miliyan 3 ne a shekara, ka raba da kwanakin shekara ka gani, ya haura tan 8,000 na siminti a rana. Wato duk wannan nakiyar ba za ta riƙe layi ɗaya kwana guda cur ba. Wane mai masana'anta ne zai sa jarin biliyoyi a bakin haɗari saboda makamashin yini ɗaya? Man dizal kilo ɗaya yana ba da wajen megajul 43, kusan ninki uku na TNT. Ko kwal mai kyau ya fi ta.

Na Tsohuwar Kasuwa: Ashe ma ba riba. To magana ta ƙare.

Malamin Kimiyya: Ba ta ƙare ba, Alhaji. Su ma Amurkawan ba don man ya yi musu tsada suka fara ba. Shara ce ta yi musu yawa, dokokin muhalli suka matsa musu a kan ƙonawa a fili, sai suka ce tunda dole a ƙona, bari a ƙona inda zafin zai yi wani aiki, a rage kuɗin mai ko da kaɗan ne. Makamashin gyara ne a kan ciniki. Ainihin cinikin shi ne a rabu da guba ba tare da an zuba ta a gonar wani ba.

Injiniya: Haka ne Malam. Amma ban gama ba, ga inda hankalina bai kwanta ba, kuma ba a cikin wutar yake ba, a cikin bututu yake.

Duk wanda ya yi aiki da baƙin mai ya san halinsa da hunturu. Da asuba, sanyin nan na Disamba da Janairu, sai ya yi kauri ya ƙi tafiya. Me ma'aikaci yake yi? Ya ɗauko guduma ya bubbuga bututun, in ya ƙi ya kawo wuta ya gasa gwiwar, in matata ta toshe ya kwance ta ya ƙwanƙwasa a ƙasa. Na gani da idona sau ba adadi, kuma da baƙin mai zalla ba abin da ke faruwa sai dai riga ta ɓaci. To nakiyar da aka narkar a cikin mai ba ta ɓace ba, tana nan. In sanyi ya sauka ko gaurayen ya wuce ƙima, sai ta koma ƙanƙara ta kwanta a gwiwar bututu, a cikin famfo, a gindin tanki. Nakiyar RDX ma, wadda ita ce kashi 60 cikin ɗari na haɗin da ke cikin bama-bamai da yawa, ta fi TNT ƙin narkewa kuma ta fi ta jin bugu. Wata shida bayan an gama aikin, an manta, a kira mai walda ya gyara yoyo. Wannan shi ne abin da nake tsoro. Kafin ka kawo irin wannan mai sai ka sake bututu, ka sake famfo, ka riƙa wanke layi duk lokacin da aka tsaya, sannan ka sake halin ma'aikata, wanda shi ya fi wuya.

Baba Saje: Injiniya, ka gama magana. Mu a soja abu na farko da anka koya muna shi na kayan aikin da ba su tada tartsatsi, tagulla da katako. Ko takalmi mai ƙusa ba a shiga rumbu da shi.

Maman Hanifa: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma gidanmu yana ɓangaren da iska ke kaɗowa daga masana'antu. Duk kuna maganar fashewa, ba wanda ya yi maganar numfashi. Malam, hayaƙin wannan abu me ke cikinsa? Yaran da muke gani da tari da asma sun ishe mu.

Malamin Kimiyya: Hajiya, tambayarki tana kan hanya. Nakiya cike take da sinadarin naitirojin, kuma idan ta ƙone tana ƙara yawan iskar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke ƙona huhu. A gwajin Amurka ma wannan na cikin matsalolin da suka bayyana, hayaƙin ya fi na mai zalla yawan wannan iska. Ana iya rage ta da na'ura, amma kuɗi ne. Sai dai ki auna da abin da ake yi yanzu. Ƙonawa a fili ba ta da bututun hayaƙi balle matata, kuma ba ta cinye nakiyar duka, ragowar na shiga ƙasa ruwan sama ya kai ta rijiya. Ita TNT guba ce ko ba ta ƙone ba, tana taɓa hanta da jini. Matan da suka yi aikin cika bama-bamai a Ingila lokacin yaƙin duniya na farko, fatarsu rawaya ta koma, wasu suka mutu da ciwon hanta. Dokar Amurka kan tanderun ƙona shara mai guba ita ce ya hallaka kashi 99.99 cikin ɗari na abin da aka zuba. Buɗaɗɗen fili ba ya kusantar wannan.

Maman Hanifa: Na ji. Amma a daji ana yi sau ɗaya a tashi, kuma nesa da gari. Wannan kuwa a gefen gidajen mutane ne. Kuma wa zai auna 99.99 ɗin nan? Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tana da ofis, na sani, amma ni ban taɓa ganin an manna sakamakon awon hayaƙi a inda talaka zai karanta ba.

Direban Tanka: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba boko gare ni ba sosai. Kaya dai ba tashi sama zai yi ya sauka Kalambaina ba, mu za a ba. Daga Kaduna ne ko daga Legas, sai ya bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, ko ta Kwantagora da Yawuri da Jega. Duk wanda ke bin hanyoyin nan ya san ramukansu, ya san kuma su wa ke fitowa daga daji. Tankar fetur ta faɗi a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, mutane suka zo kwasa da bokiti, sama da 150 suka ƙone. In wannan tankar ce ta faɗi, wa zai tsaya yi wa jama'a bayanin cewa man nan ba irin wanda suka sani ba ne? Ni dai ko nawa za a biya ba zan ja ta ba.

Ɗan Jami'a: Yaya direba, wannan ban kawo shi a lissafi yadda ya kamata ba sai da ka faɗa. Amma a Hawthorne ba su ɗauki kayan sun kai ko'ina ba. Tukunyar tururin tana cikin harabar ma'ajiyar, a tsakiyar hamada, ma'aikatan kuma masu aikin makamai ne tun asali.

Injiniya: To ka ga ka amsa wa kanka, ƙanena. Wutar ake kaiwa wurin nakiya. In Najeriya za ta gwada, wurin da ya dace shi ne inda masu sanin abin suke, kamar masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna tun 1964, ko wani keɓaɓɓen fili na soja, da 'yar ƙaramar tukunya da aka gina don wannan aiki kaɗai. Ko can ɗin ma sai an duba yadda gari ya kewaye wurin yanzu.

Na Tsohuwar Kasuwa: Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma sana'ata ce ta nuna mini. Muna sayen ƙarfe a hannun yaran jari bola. Kwanaki wani yaro ya sauke buhu daga ƙauye, muna zazzagewa a kan sikeli sai ga wani abu mai tsatsa, tsawon damtse, da fukafukai a gindi. Yaron har yana cewa a auna masa shi daban don ya fi nauyi. Na kori kowa daga shagon, muka kira 'yan sanda masu kwance bam, suka zo suka ɗauke. Da na bar shi ya shiga cikin lodi, can wurin masu narka ƙarfe zai ƙare. A Borno sai da gwamna ya hana sana'ar gwangwan a 2023 saboda rayukan da ake rasawa a daji. To ku duba, ranar da aka ce tsohuwar nakiya kaya ce mai daraja, ana kwance ta ana aunawa ana lodi, ranar ta sami kasuwa. Kwanson tagulla kaɗai ya isa ya sa wani ya yi ganganci. Abin da ya shiga hannun ɗan kwangila, buhu goma sai ya zama tara.

Baba Saje: Alhaji, abin da kake tsoro ya taɓa faruwa. A ƙasar Albaniya, wani ƙauye Gerdek, cikin Maris na 2008, an ba kamfani kwangilar kwance tsofaffin harsasai, sunka ɗebo mutanen ƙauye har da mata ba horo, don a hidda tagulla a sayar. Wurin ya tashi, mutum 26 sunka mutu, gidaje ɗaruruwa sunka rushe. Kuma mu nan ga 'yan bindiga sun fara dasa nakiya bisa hanya. Wanda anka tashe a daji dai ya tahi ke nan, ba mai sace shi.

Malamin Kimiyya: Baba, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Tayarwa a daji ma ba ta cinye komai, wani ya fashe wani ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa da ransa, shekara ta zagayo makiyayi ko mai jari bola ya tsinta. Ina jin irinsa ne ya isa sikelin Alhaji. Akwai hanya ta uku. A sansanin Minden na jihar Luwiziyana ta Amurka, bayan wata fashewa a 2012, aka tarar da albarushin igwa wajen tan 6,800 wani ɗan kwangila ya jibge. Hukuma ta ce za ta ƙona a fili, mutanen garin suka ƙi, suka yi ta taro har aka gina rufaffen ɗakin ƙonawa mai tace hayaƙi, aka cinye kayan a ciki. Ba su sami makamashi ba, amma ba su shaƙa ba. Wasu ƙasashen kuma suna mayar da nakiyar soja ta zama ta fasa dutse, wanda a ganina ya fi ƙona ta ma'ana, tunda aikin da aka yi ta dominsa ke nan, kuma masu haƙar dutsen siminti da ma suna sayen nakiya.

Na Tsohuwar Kasuwa: Ta fasa dutse? Malam ka manta Bodija ta Ibadan a Janairun 2024? Nakiyar masu haƙar ma'adinai ce aka ajiye a cikin gida a tsakiyar unguwa.

Malamin Kimiyya: Ban manta ba. Dokar nakiya ta 1964 ta hana irin wannan ajiya, ba a bi ba ne.

Direban Tanka: To ai shi ne maganar tun ɗazu.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi daɗi. Tunatarwa ɗaya, kada wanda ya sa bayanin yadda ake haɗa wani abu ko yadda ake kwance shi a nan, zan goge nan take. Wanda ya tsinci abin da bai gane ba kada ya taɓa, ya sanar da hukuma. A ci gaba.

Ɗan Jami'a: Na gode shugaba. Ni dai har yanzu ina ganin dabarar tana da wurin zama, ko da ba Kalambaina ba. Ina tunanin in kai wa malamina a matsayin aikin kammala karatu, lissafi zalla a takarda, in kwatanta hanyoyi uku: fili, rufaffen ɗaki, da tukunyar tururi a cikin harabar soja. Wataƙila a Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'armu a sami wanda zai duba mini. Injiniya, wane adadi zan riƙe na tukunyar?

Injiniya: Kada ka ɗauki na tanderun siminti, aikinsu ba ɗaya ba ne. Nemi na ƙaramar tukunya mai cin dizal, ka fara da gauraye mai rauni sosai. Kuma ka sa kuɗin sinadarin narkarwa a lissafin, don shi ma saye ake yi, da kuɗin wanke layi, da na na'urar tace hayaƙi. In ka haɗa duka ina zargin ribar man za ta ɓace, amma ka yi ka gani, kada ka ɗauki maganata.

Maman Hanifa: In ka tashi rubutawa ka ƙara shafi ɗaya a kan nisan gidan mutum na farko daga bututun hayaƙin, da inda iska ke kaɗawa da hunturu da kuma da damina. Ka turo mini in karanta kafin ka kai wa malamin.

Ɗan Jami'a: In sha Allahu, Hajiya. Baba Saje, in ba damuwa zan so in zo gida in ji yadda kuke duba tsohon albarushi a zamaninku.

Baba Saje: Ka taho bayan la'asar, ban da Juma'a.